Kafin a kira kulob ɗin maƙwabta cikin lig, a fara share gida

Duk lokacin da lig ɗin wata ƙasa ya fara sanyi, 'yan kallo suka ƙaurace wa sitadiyam, siponsa suka fara ja da baya, maganar da shugabannin ƙwallo suke fara kawowa ita ce garambawul. A ƙara yawan kulob, a'a a rage, a haɗe rukuni na ɗaya da na biyu, a canza watan fara kaka, can kuma sai wani ya ɗaga hannu ya ce ai ga maƙwabtanmu nan suna da kulob mai kuɗi da magoya baya, me zai hana mu buɗe musu ƙofa. Ni dai ba na adawa da buɗe ƙofar nan, a wasu wuraren ma ita ce ta ceci ƙwallon baki ɗaya, abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar ta kamar maganin duk wani ciwo, da kuma yadda ake kiran baƙo ba tare da an faɗa masa matsayinsa a gidan ba.

Wanda yake so ya fahimci wannan harka to ya duba Malesiya da Singafo da Burunai, dan babu irin gwajin da ba su yi ba. Singafo ta fara buga kofin Malesiya tun 1921, ta daɗe a ciki sosai, a 1994 ma ta haɗa lig da kofi duka ta lashe, ta lallasa Pahang 4-0 a wasan ƙarshe. Bayan wannan nasarar ne fa aka ɓata a kan rabon kuɗin tikiti, Singafo ta tattara kayanta ta koma gida ta kafa nata lig ɗin a 1996. Shekaru suka ja, a 2012 aka sake shiryawa, Singafo ta ƙirƙiro wani kulob mai suna LionsXII wanda yawancin 'yan wasansa matasa ne aka saka shi a babban lig ɗin Malesiya, ita ma Malesiya ta tura matasanta na Harimau Muda su buga a Singafo. Yaran nan suka ɗauki lig a 2013, suka ɗauki kofin ƙalubale a 2015 a ƙarƙashin koci Fandi Ahmad, wanda shi ne kyaftin ɗin tawagar 1994. To a ƙarshen 2015 ɗin nan hukumar ƙwallon Malesiya ta ce ba za ta sabunta yarjejeniya ba, shi ke nan kulob ya watse. Kulob ɗin da ya ci kofi a wannan shekarar fa! Yaron da ya taso yana sa rigarsu yana zuwa filin Jalan Besar me za ka ce masa?

Na Burunai ya ma fi ban tausayi. Kulob ɗinsu mai suna DPMM sun buga a Malesiya, rikicin rajistar hukumar ƙwallon ƙasarsu ya fitar da su a 2008, suka koma Singafo a 2009, a shekarar FIFA ta dakatar da Burunai sai aka cire su daga gasar kafin kaka ta ƙare, ba dan sun yi wani laifi a fili ba. Sun dawo daga baya har sun ci lig ɗin Singafo a 2015 da 2019, a 2025 kuma suka sake komawa Malesiya. Kulob guda kenan yana yawo tsakanin gidaje biyu, kuma duk lokacin da ya tashi sai jadawalin waɗanda ya bari ya rikice.

Abin tambaya shi ne shin shigowar baƙi ta gyara lig ɗin Malesiya? Tun 2014 kulob ɗin Johor Darul Ta'zim ce take ɗaukar kofin lig ɗin shekara bayan shekara babu mai ƙwacewa. A 2023 an yi garambawul babba, aka soke rukuni na biyu da niyyar a samu kulob 18 a sama, amma da aka zo maganar lasisi 14 ne kawai suka fara kakar, kuma labarin 'yan wasa masu bin bashin albashi na wata da watanni bai daina fitowa ba. Ciwon kenan. Kulob ba ya iya biyan ma'aikatansa, kulob ɗaya ya fi kowa kuɗi nesa ba kusa ba, sai a bar jaki a koma dukan taiki, a ce matsalar ai rashin sabuwar fuska ce. Idan ka ƙara wa kulob ɗin da ya kasa biyan albashi kuɗin jirgi zuwa wata ƙasa ai nauyi ka ɗora masa.

Sai maganar matsayi, wadda ita ce ta fi ci min rai. Vaduz kulob ne na ƙasar Liechtenstein, ƙasar da ba ta da lig nata, kulob ɗinta bakwai duk a Suwizalan suke bugawa. Amma ko Vaduz ta ƙare a saman tebur ba za ta wakilci Suwizalan a gasar Turai ba, sai dai ta bi ta kofin ƙasarta, ta nan ɗin ma ta kai matakin rukuni na Conference League, ɗaya daga cikin gasannin kulob na Turai, a 2022 alhali tana rukuni na biyu na lig ɗin Suwizalan. Haka Wellington Phoenix ta New Zealand take a lig ɗin Ostireliya tun 2007, sai dai Ostireliya tana ƙarƙashin hukumar Asiya ita kuma New Zealand tana Oceania, dan haka komai ƙoƙarinta ba ta da kujera a gasar zakarun Asiya. Ka yi gumi daidai da kowa, ka biya kuɗi daidai da kowa, ranar rabo a ce kai baƙo ne. Na san dokokin nahiya ne suka ɗaure hannun ƙasashen, amma ai tun ran gini tun ran zane, kafin a buga wasan farko ya kamata kowa ya san abin da yake nema.

Wani lokacin kuma masu gidan ne ake ƙwara. Monaco ta ɗauki lig ɗin Faransa sau 8, na baya-bayan nan a 2017, amma tana zaune a 'yar ƙasar Monaco, inda ba a karɓar harajin albashi daga baƙin 'yan wasa, abokan hamayyarta kuwa suna biya har da kuka. Rigimar ta yi zafi har aka yi yarjejeniya a 2014 cewa za ta biya Yuro miliyan 50, daga baya kotu ta soke. Wanda ya ce ƙorafin sauran kulob ɗin hassada ce bai yi adalci ba, fili ɗaya ake bugawa amma dokar kuɗi biyu ce.

Masu goyon bayan tsarin kullum Wales suke kawowa, wadda manyan kulob ɗinta a Ingila suke bugawa, kuma suna da gaskiyarsu. Cardiff ta ɗauki kofin FA a 1927, Swansea ta hau Firimiya a 2011 ta ci League Cup a 2013 ta je gasar Turai ta Europa da sunan Ingila, Wrexham ta haura rukuni sau uku a jere har Championship, rukuni na biyu na Ingila, a 2025. Waɗannan cikakkun 'yan gida ne, suna hawa suna faɗawa 'yan dagaji kamar kowa, fiye da shekara 100 suna ciki babu mai cewa yarjejeniyarku ta ƙare. Dalilin da ya sa abin ya yi aiki kenan. Amma a duba ɗaya gefen, Wales ta kafa nata lig ɗin a 1992 kuma manyan garuruwanta suna kallon Ingila, kuɗin da 'yan kallon duk sun bi manyan kulob ɗin, shi ya sa lig ɗin gida ya zauna ƙarami. Ko a farkon 2025 da aka nemi a bar kulob ɗin nan su riƙa neman tikitin Turai ta wani kofin Wales, hukumar FA ta Ingila ta ce a'a, ba a cin tudu biyu. Ina ganin ta yi daidai ko da yake na tausaya wa Wales ɗin. Kanada ma tana da kulob uku a MLS, babban lig ɗin Amurka, Toronto har ta ɗauki kofi a 2017, duk da haka sai da ta kafa nata lig ɗin a 2019 saboda kulob uku ba za su raini 'yan wasan ƙasa guda ba.

Beljiyam da Holan sun gwada haɗa lig ɗin mata daga 2012 zuwa 2015 suka rabu, na maza kuma aka yi ta zama a kai, kulob ɗin Beljiyam suka nuna amincewa a 2021, na Holan ba su bi ba, magana ta mutu. Wasu na ganin asara ce, ni kam gara haka da a fara a watse a tsakiyar hanya.

Dan haka idan wata hukuma ta zo da wannan shawara, ni ba sunan kulob ɗin da za a kawo nake so na fara ji ba. Ina so na ji ko duk kulob ɗin da ke ciki yanzu sun biya albashin watan jiya. Ina so na ga a rubuce shekara nawa baƙon zai yi, ko zai iya faɗawa ƙasa kamar kowa, waye zai biya kuɗin tafiya, yaya za a raba kuɗin talabijin da na ƙofa, wane haraji zai biya, sannan idan FIFA ta dakatar da ƙasarsa a tsakiyar kaka yaya za a yi da makin waɗanda suka riga suka buga da shi. A kuma tambayi ƙananan kulob ɗin da zai baro a gida, dan su ne za su wayi gari sitadiyam ɗinsu babu kowa, kuma yawanci ba a gayyatarsu taron.