Tsadar masara ba ribar manomi ba ce

Duk lokacin da fari ya ɗaga farashin masara, sai ka ji ana cewa manoma sun warke. Wanne manomi? Wanda rumbunsa wayam yake ba abin da tsada ta ƙara masa, shi ma layin masu saye zai bi.

Masara shuka ce mai rauni a lokaci guda. Tana iya jure ƙishi tana ƙarama, amma idan ruwa ya ɗauke sa'ad da take fitar da tuta da gemu, an gama. Zafin da ya haura digiri 35 a ma'aunin Celsius yana kashe ƙurar furenta, gemun kuma ya makara, sai a samu goyo babu ƙwaya. Mako biyu kacal na iya cinye wahalar shekara, bayan an riga an zuba kuɗin iri da taki da noma. Sauyin yanayi kuwa nan yake bugu: ko ruwan shekara bai ragu ba, saukarsa ta rikice, kwanakin zafi sun ƙaru.

A 2012 fari ya ƙone gonakin tsakiyar Amurka, ƙasar da ta fi kowace noman masara. A watan Agusta farashinta a kasuwar Shikago ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, masu kiwon kaji da shanu suka ji a jikinsu, domin yawancin masarar duniya dabbobi ke cinyewa. Amma manoman ba su durƙushe ba. Inshorar amfanin gona, wadda gwamnati ke biyan kaso mafi girma na kuɗinta, ta biya diyyar sama da dala biliyan 17.

A kwatanta da 2024, lokacin da El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pacific da ke rikita yanayi, ya hana kudancin Afirka ruwa. Zambiya da Malawi da Zimbabuwe duk sun ayyana halin bala'i, Zambiya ta rasa kusan rabin masarar da ta shuka, har ta koma neman ta daga waje, ita da ta saba sayarwa maƙwabta. Manomin can, mai dogaro da ruwan sama, shi ya ɗauki mafi yawan asararsa.

Ana yawan yabon irin da ke jure fari, wanda cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, CIMMYT da IITA, suka fitar. Yana da amfani, ban musa ba, sai dai iri ba ya biyan bashin taki. A ganina, kafin gwamnatoci su ce manomi ya faɗaɗa gona, su fara amsa masa wanda zai raba asara da shi a shekarar da sama ta ƙi.