Gindiri da darasin da muka bari a baya wajen horar da malaman firamare

A shekarar 1934 ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission), wadda Karl Kumm ya kafa a 1904, ta buɗe cibiyar horarwa a Gindiri, cikin ƙaramar hukumar Mangu ta jihar Filato a yau. Buƙatar farko ta coci ce: a samu masu wa'azin bishara da za su zauna a ƙauye, su koya wa jama'a karatu har su iya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala bugawa a 1932. Daga wannan tushe kwalejin horar da malamai ta Gindiri ta fito, sannan sakandaren maza, da makarantar makafi, da sakandaren mata suka biyo baya a shekarun 1950. Marigayi Solomon Lar, gwamnan farar hula na farko a Filato, a can ya yi karatun malanta. Cocin COCIN, wanda ya fito daga aikin SUM, shi ne ya gaji wurin.

Ba kewar zamanin Turawan mishan ce ta sa ya kamata a waiwayi wannan tarihi ba. Tsarin horon ne abin dubawa, domin shi muka rushe ba tare da mun kawo madadinsa ba.

Kwalejojin wancan lokaci, na mishan irin Gindiri da Waka ta Biu da Kagoro, da na gwamnati irin Katsina da Toro, malamin aji suke ƙerawa. Ɗalibi ya fara da takardar malanta mai daraja ta uku, ya fita ya koyar na wasu shekaru, sannan ya dawo neman mai daraja ta biyu. Daga baya aka mai da horon shekara biyar a jere ga wanda ya gama firamare. A tsawon wannan lokaci yana kwana a makaranta, kuma akwai firamaren gwaji a jikin kwalejin. Zai rubuta shirin darasi, malaminsa ya duba ya sa hannu kafin ya shiga aji. Malamin zai zauna a bayan aji yana lura: yadda ya raba allo, girman rubutunsa, ko tambayoyinsa sun kai ga yaran benci na ƙarshe, ko ya tanadi tsinkaye da duwatsun ƙirga kafin darasin lissafi. Bayan an tashi a zauna a warware masa kurakuransa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya faɗi gwajin koyarwa bai samu cikakkiyar takarda ba, komai ƙoƙarinsa a rubutacciyar jarrabawa.

Akwai kuma batun harshe. Da Hausa Gindiri ta fara koyarwa, saboda ita ce ta haɗa Angas da Birom da Tarok da Mwaghavul a aji guda. Wannan ya ci wa ƙananan harsunan Filato tuwo a ƙwarya, kuma masu kukan haka suna da gaskiya. Haka nan manufar bishara ta sa yawancin iyaye Musulmi ba su kai 'ya'yansu irin waɗannan kwalejoji ba. Amma malamin da aka horar ya san yadda ake koya wa yaro haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji, kafin a ɗora masa Turanci.

Ina aka kuskure? Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara fiye da yawan malaman da ke ƙasa, sai aka gajarta horo, aka yaye mutane cikin gaggawa, darajar takardar ta zube. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce nan gaba NCE, takardar shaidar malanta da kwalejojin ilimi ke bayarwa, ita ce za ta zama mafi ƙarancin takardar koyarwa. Maimakon a gyara kwalejojin daraja ta biyu, sai aka yi ta rufe su ko mai da su sakandare. NCE kuwa shekara uku ce, kuma mafi yawan ɗalibai fanni biyu suke haɗawa, misali tattalin arziki da nazarin zamantakewa, wato shirin koyar da ƙaramar sakandare. Sai a tura mutum aji ɗaya na firamare, gaban yara tamanin, bai taɓa koyon yadda ake fara koyar da karatu ba. Gwajin koyarwarsa zangon karatu guda ne, sau da yawa mai dubawa ya leƙo sau ɗaya ko biyu. Ga shi kuma makin shiga kwalejojin ilimi ya sauka har zuwa 100 cikin 400 a jarrabawar JAMB a 2017.

Sakamakon ya fito fili a Kaduna a 2017, inda malamai 21,780 cikin kimanin 33,000 suka kasa cin gwajin da aka tsara daidai da aji huɗu. An yi ta zagin malaman, amma ba a tambayi wanda ya horar da su ba.

Gyaran ba ya buƙatar sabon gini. Ya kamata hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ta wajabta wa kowace kwalejin ilimi, har da ta jiha da aka kafa a Gindiri a 1980, riƙe firamaren gwaji da ɗalibi zai shiga kowane mako tun daga shekararsa ta farko. Jihohi kuma su daina ɗaukar malamin aji ɗaya zuwa uku sai wanda ya karanci sashen ilimin firamare, kuma aka gan shi tsaye gaban allo yana koyar da karatu a harshen yaran.