Dutsen da ya faɗo Zagami, da littafin da aka yaga ma ɗan yayata

Jama'a yau kam sai kun yi haƙuri da ni don rubutun zai yi tsawo, abin ya kwana biyu yana ci mani rai kuma in ban fitar da shi ba ba zan samu sukuni ba.

Shekaranjiya bayan la'asar na biya gidan yayata nan Ƙofar Marusa, ina shiga zaure na iske ɗanta zaune kan dakali ido ya yi jawur, yaro ne ɗan shekara 13 yana aji biyu a ƙaramar sakandare, kuma ba mai yawan kuka ba ne. Na ce lafiya? Sai ya miƙo mani littafin rubutu an yage mashi kusan rabi. Ashe an fita tara ne shi bai fita ba ya zauna yana rubuta labari, wani malami ya kama shi, ya karanta ma 'yan aji ana ta dariya, sannan ya ce wannan ƙarya ce da shirmen Turawa, ya yayyage takardun ya watsa mashi. Yaron ya bi ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya zuba aljihu. Na aika aka sawo salatif, muka zauna ni da shi muna liƙawa har aka kira magariba.

Kun san me ya rubuta? Wai wani kumbo ne ya sauka cikin gonar gero can bayan Batagarawa da asuba, waɗanda suka fito ciki ba su da baki, da haske suke magana, in sun ji daɗi jikinsu ya yi kore in sun tsorata ya yi fari fat. Kowa ya ruga sai wani tsoho mai gonar, shi ya tsaya ya ce ai baƙonka annabinka, ya kwance ƙwaryar furarshi ya miƙa masu. Su kuma ba su taɓa ganin abin da ake sha da ludayi ba. Wallahi ina karantawa tsikar jikina na tashi, don ni duk finafinan halittun wata duniya da na kalla a rayuwata ban taɓa ganin inda aka tarbe su da abinci ba, kullum daga bindiga sai jirgin yaƙi, kuma kullum a Amurka suke sauka kamar sauran duniya ba mutane. Yaron nan ya zo da abin da babu shi a can, ya ɗauko shi daga cikin gidansu, shi ne aka ce mashi shirmen Turawa.

Ban je makarantar na yi rigima ba kuma ba zan faɗi sunanta ba, malami uba ne, wataƙila shi ma haka aka yi mashi. Amma tunanin da ya sa hannunshi ya yaga takardar nan shi nake son mu yi magana a kai, don ba shi kaɗai ke da shi ba.

Mutum nawa cikinmu suka san wani yanki na duniyar Mars ya taɓa faɗowa cikin ƙasar Katsina? Ranar 3 ga Oktoba 1962, a Zagami can wajen Faskari, wani manomi yana korar tsuntsaye a gonarshi ya ji ƙara mai tsanani, abu ya daki ƙasa taku kaɗan daga inda yake tsaye ya nutse cikin rami. Da aka tono sai ga dutse mai nauyin kilo 18. Shekaru da yawa bayan nan masana suka auna 'yar iskar da ta maƙale cikin dutsen, suka ga ta yi daidai da iskar Mars wadda kumbon Viking ya auna a 1976. Wato wani abu ne ya daki Mars tun fil azal, ya tsinke wannan dutse ya cilla shi sararin samaniya, ya yi ta yawo shekaru miliyoyi, bai tashi sauka ko'ina ba sai gonar bawan Allah a jiharmu. Yau sunan Zagami na cikin littattafan masu binciken taurari na duniya, an yayyanka dutsen an rarraba ɗakunan bincike, har wani ɗan mitsitsi daga jikinshi an saka cikin kumbon da aka harba Mars a 1996. Mu kuma masu gonar ko labari ɗaya ba mu rubuta a kai ba, ko yaranmu ba mu gaya mawa. Ka tsaya ka yi tunanin manomin nan, me ya faɗa ma iyalinshi da ya koma gida, me mai gari ya ce, me liman ya ce, wa ya fara taɓa dutsen da hannu? Littafi guda ne cur yana zaune yana jiran mai rubutawa.

Kuma cewa irin wannan rubutu baƙo ne a Hausa ba gaskiya ba ne. A 1969, shekarar da su Neil Armstrong suka taka wata, a shekarar nan Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro da ya yi tafiya sararin sama tare da wani baƙo daga can. Iyayenmu sun karanta shi a makaranta ba wanda ya ce sun lalace. Sama da shekara 50 kenan, maimakon mu ɗora sai muka koma baya. In ka shiga inda marubutanmu ke sakin labarai a waya yanzu, daga kishiya sai uwar miji sai ɗan mai kuɗi ya ga talaka ya so ta, ba na raina masu don suna da masu karatu kuma rayuwa ce suke rubutawa, amma haba, a ce duk faɗin sama da abin da ke cikinta ba mai ɗaga kai?

Mu da kakanninmu suka raɗa ma taurari suna, Zara matar wata, Gamzaki mai fitowa da asuba, Kaza da 'ya'yanta. Mu da garinmu ya fitar da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da falaki da ya tafi hajji ya zauna Alƙahira yana karantarwa har ya rasu can a 1741. Duk wanda ya kai shekara 25 zuwa sama a garin nan zai tuna ranar Laraba 29 ga Maris 2006 da hantsi, lokacin da rana ta yi husufi gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki, aka cika masallatai ana salla. Ni ina tsaye ƙofar gidanmu ranar, iska ta yi sanyi farat ɗaya, kuma abin da ya tsaya mani a rai har yau shi ne tun kafin ranar an faɗa a rediyo za a yi, har da lokacin. Wannan lissafin mutane ne suka koya, kuma mafi yawansu da tambayar yarinta suka fara, irin wadda ake yi ma dariya a aji.

Batun tafiya cikin lokaci shi ya fi tayar ma mutane da hankali, to a nan akwai abin da ya kamata a rarrabe. Komawa baya, a ce yau ka shiga wata na'ura ka fito zamanin da ake gina hasumiyar Gobarau, ko ka iske Bayajidda bakin rijiyar Kusugu, wannan ƙagen labari ne zalla, ba wanda ya taɓa nuna yana yiwuwa, kuma masu rubutawar ma sun sani, daɗin abin shi ne tambayar da yake jefa ka ciki, in ka koma ka canja abu guda me zai faru da kai da aka haifa daga baya? Amma cewa lokaci ba ya tafiya daidai ga kowa, wannan ba tatsuniya ba ce. Tun 1905 masanin kimiyya Albert Einstein ya nuna cewa mai tsananin gudu agogonshi na tafiya a hankali in aka gwada da na wanda ke zaune. Wanda zai yi gudu kashi 99 cikin 100 na gudun haske, in ya yi shekara ɗaya a tafiya zai dawo ya iske an yi wajen shekara 7 a gida. Wayar da ke hannunka ma shaida ce, taurarin ɗan adam da ke nuna maka hanya a taswira agogonsu na saɓawa da na ƙasa da wani ɗan mitsitsin ɓangare na daƙiƙa kullum, kuma da ba a gyarawa da cikin kwana ɗaya kuskuren ya kai kilomita 10, kana Kasuwar Tsakiya ta ce kana bayan gari.

Na san wani zai ce to ina addini a nan. Ni ba malami ba ne kuma hukunci na malamai ne. Abin da na sani shi ne duk Juma'a muna karanta Suratul Kahfi, samarin da suka yi barci shekara 309 suka tashi suna zaton yini ɗaya ne ko wani ɓangarenshi, suka aiki ɗayansu da kuɗin azurfa ya sawo abinci cikin garin da ya riga ya canja. Wannan gaskiya ce daga Allah, ba na haɗa ta da ƙagen ɗan adam ko kusa, amma yaron da ya tashi yana jin wannan ƙissa ba a bakin Bature ya fara jin cewa lokaci na hannun Mai shi ba. Kuma cikin Suratun Nahli Allah ya ce yana halittar abin da ba mu sani ba. Har yau ba a samu ko ƙwayar halitta ɗaya a wata duniyar ba, wannan gaskiya ne, masu cewa gwamnatoci na ɓoye su ba su kawo hujja ba. To amma wanda ya ce "a ce akwai su" ya gina labari a kai, bai ce akwai su ba, kamar yadda kakarmu ba ta yi ƙarya ba da ta ce Gizo ya yi magana da Ƙoƙi, ai da ƙurunƙus take rufewa. Na yarda cikin finafinan waje akwai masu tsiraici da masu cusa cewa babu Mahalicci, ni ma ba na barin yara su kalli kowane, kuma wannan shi ne ma babban dalilin da ya sa nake son namu su rubuta, yaro zai nemi irin labarin nan ko mun so ko mun ƙi, gara ya samu wanda tsoho ke miƙa fura da bismilla.

Akwai wani abu da ke sosa mani rai. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 har yanzu tafiya yake, yana cin kusan kilomita 17 duk daƙiƙa, wato Katsina zuwa Kano cikin daƙiƙa 10, kuma duk da wannan gudu sai ya yi sama da shekara 70,000 kafin ya ci nisan da ke tsakaninmu da tauraro mafi kusa bayan rana. A jikinshi an liƙa faifai mai gaisuwa da harsuna 55 ko da wani zai tsince shi wata rana. Akwai Larabci ciki. Babu Hausa. Ba wanda ya ce sannunku a faifan nan, harshen da miliyoyin mutane ke kwana suna tashi da shi. Ban ga laifin masu haɗawa sosai ba, wanda ya zo wurin shi ake tambaya. Ƙasarmu ta kafa hukumar sararin samaniya tun 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003, to su wa za su zauna kujerun nan gobe in yaran Arewa tun suna aji biyu an koya masu cewa tunanin sama abin kunya ne?

Jiya na kai ma yaron sabon littafi da biro biyu, na ce ya riƙa rubutawa a gida in ya gama aikin makaranta da na islamiyya. Ya karɓa, ya ɗan yi shiru, sai ya ce Kawu akwai inda na maƙale. Wai baƙin sun ɗauki tsohon sun tafi da shi, a wurinshi wata ɗaya ya yi amma da ya dawo ya iske jikokinshi sun yi aure, to sallar wata ɗaya ke kanshi ko ta duk shekarun, kuma can da babu fitowar rana ta yaya ya san azahar ta yi? Na gaya mashi an taɓa yin makamanciyar tambayar da gaske, a 2007 wani likita ɗan Malesiya ya je tashar sararin samaniya cikin azumi, inda ake zagaye duniya duk minti 90 rana ta fito ta faɗi sau 16 a yini, malaman ƙasarsu suka zauna suka rubuta mashi yadda zai yi, ya bi lokacin wurin da aka harba su. Sai ya ce to amma Kawu shi tsohona daga Batagarawa aka ɗauke shi kuma agogonshi da na Batagarawa sun rabu. Mun yi da shi ranar Asabar bayan isha'i za mu je wurin malamin unguwarmu da littafin a hannu, ya ce shi zai yi tambayar da bakinshi.