"Daga wurin aiki nake" ba uzuri ba ne a gaban masu intabiyu

Tun da labarin yaron nan da ya je intabiyun neman aiki sanye da kayan aikinsa na masana'anta ya fita shekaranjiya nake ganin mutane suna ta la'antar kwamitin ɗaukar ma'aikata da ya ƙi sauraronsa, wasu har suna cewa an wulaƙanta talaka ne saboda talaucinsa, kamar dai talauci ne ya shafa masa baƙin mai a ƙirjin riga, ya kuma liƙa masa tambarin kamfanin da yake yi wa aiki a gadon baya. Ni ban ga laifin kwamitin ba, kuma ba zan ɓoye ra'ayina don tsoron a ce ba ni da tausayi ba. Mutum ya san ranar intabiyu tun kafin ta zo, ya san daga masana'anta a Sharaɗa, unguwar masana'antu ta Kano, zai wuce kai tsaye, ya san aikin da yake nema na ofis ne inda zai riƙa karɓar baƙi, amma ya shiga ɗakin da kayan da ya wuni yana gyaran inji a cikinsu, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, daga wurin aiki nake." To, su waɗanda suke zaune a bayan teburin daga ina suka zo, daga gidan biki?

Maganar ba ta wuce leda ɗaya ba. Wanda zai tashi daga aiki ya wuce intabiyu, ya ɗauki kayan da zai saka a jaka tun daga gida, ya sauya a hanya. Kaftani da wando na yadi mai sauƙi, wanda aka goge tun daren jiya aka naɗe shi yadda mai wanki da guga yake naɗewa, da takarda a tsakani don kada karin guga ya mutu. Hula a tata ledar daban don kada ta lotse. Singileti mai tsafta, domin wanda aka yi gumi a cikinsa tun safe zai tona asiri ko da an ɗora masa gezna a kai. Sai takalmi sau-ciki wanda mai shushaina ya taɓa. Duk wannan bai kai nauyin kwanon abincin da ma'aikaci yake ɗauka kullum ba. Mace kuwa ta saka abaya ko atamfa mara hayaniya a jakarta, tare da mayafi ko hijabin da bai sha ƙurar hanya ba, ta bar leshi mai duwatsu da humra mai ƙarfi sai ranar suna. Ma'aikaciyar jinya da ta gama aikin dare, da malamin makaranta mai ƙurar alli a hannun riga, da ɗan bautar ƙasa mai kakinsa, duk hukuncinsu ɗaya ne.

An ce mini ai ba shi da wurin sauya kaya. A Kano ake wannan magana, garin da da wuya ka ratsa kasuwa ko tasha ba ka ga gidan wanka ba, inda da kuɗi kaɗan za a ba ka bokitin ruwa da sabulu ka fito kamar ba kai ba? Ko masana'antar da yake aiki ba ta da banɗaki? Ko babu masallaci ɗaya da wurin alwala tsakanin Sharaɗa da inda aka kira shi? Minti goma sun isa mutum ya wanke fuska da hannu har ƙarƙashin farce, ya cire rigar aiki ya cusa ta a ledar da ya ciro mai tsaftar. Abin da kawai zan ƙara shi ne a jinkirta sauyawar har sai an kusa isa, domin wanda ya saka farin kaftani ya shiga A Daidaita Sahu, aka matse shi tsakanin fasinja biyu da buhun barkono a ranar watan Afrilu da zafi yake haura digiri 40, zai sauka ne a yamutse kamar bai taɓa ganin dutsen guga ba. Lokacin hunturu ƙura ce za ta gama da shi, da damina kuma taɓo.

An kuma ce idan ya zo aiki da ado maigidansa zai gane yana neman wani wurin. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne babban dalilin ledar. Ma'aikacin da aka saba gani da rigar aiki, ya wayi gari ranar Talata da shadda da zanna bukar, kafin ya kai ƙofa abokan aiki sun fara tambayarsa ɗaurin auren wa za a je. Amma babu wanda yake leƙa jakar wani. Ya nemi izinin fita, ya fita a yadda aka san shi, ya sauya a gaba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda yake tsoron kada maigidansa ya sani, shi ne kuma ya shiga wani kamfani da sunan maigidan a rubuce a bayansa, yana tallata wa kowa cewa a lokacin aikin mutane ya sulale. Duk mai ɗaukar ma'aikaci da ya ga haka, tambayar da zai yi wa kansa ita ce ko shi ma haka za a yi masa wata rana.

Masu kawo batun tsadar rayuwa kuma, na ji ku. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba ya kai mai iyali ƙarshen wata. Sai dai ba wanda ya ce a je Kantin Kwari a yanko sabon yadi, ba wanda ya ce a sayi kwat da laktaye. Ni ma ina ganin wauta ce a shaƙe wuya da laktaye a zafin Kano alhali kaftani da hula cikakkiyar shiga ce da ake zuwa da ita majalisa da fadar sarki. Kayan da mutum yake zuwa masallacin Juma'a da su sun wadatar. Wanda ya ga lallai aikin na masu riga da wando ne, kamar banki, ga gwanjo nan a Ƙofar Wambai, a wanke a goge, ko ya ara a wurin ɗan'uwa, ba abin kunya ba ne. Tsafta ake nema, kuma sabulu da gawayin guga ba su fi ƙarfin mai albashi ba.

Wallahi ba don in ci zarafin yaron nan nake rubutun nan ba. Ƙannenmu ne, mun san yadda ake shan wahala kafin a samu ko da kiran intabiyu, kuma yana yi mini ciwo in ga mai ƙwazo ya rasa dama kafin a tambaye shi abin da ya iya. Da aikin gyaran inji ya je nema, aka ce a gwada shi a gaban inji, da rigar aikinsa ita ce daidai. Amma masu yi masa kirari suna cewa ya tsaya a kan gaskiyarsa, ba su za su biya masa kuɗin haya ba.

Su ma kwamitocin akwai ranar da zan waiwaye su. Ku aika wa mutum saƙon waya ƙarfe tara na dare cewa ya zo gobe ƙarfe takwas na safe, ya yi sammako ya zo fes, sannan ku jera mutum hamsin a tsakar rana babu benci babu rumfa har bayan la'asar, gumi ya jiƙe kaftanin da ya kwana yana lallaɓawa, a ƙarshe wani ya leƙo ya ce oga ya fita taro, a dawo ranar Litinin. Wane izinin kuma zai sake nema a wurin aiki ranar Litinin ɗin?