Saltaire ta farfaɗo, amma wa ya tuna da masu aikin dare na Bradford?

A shekarar 2001 abubuwa biyu suka faru a yanki ɗaya na arewacin Ingila. A watan Yuli tarzoma ta ɓarke a unguwar Manningham da ke birnin Bradford, aka ƙone motoci da shaguna. A watan Disamba kuma UNESCO ta saka ƙauyen Saltaire, wanda ke maƙwabtaka da birnin, cikin wuraren tarihi na duniya. Ulu ne ya gina Bradford da Saltaire duka biyun, kuma mutuwar masaƙu ce ta raba musu hanya.

A ƙarni na 19 Bradford ita ce cibiyar saƙar ulu ta duniya, amma hayaƙi da cunkoso da cututtuka sun addabi talakawanta. Shi ya sa attajiri Titus Salt ya kwashe kasuwancinsa zuwa bakin kogin Aire, inda ya kafa ƙauyen Saltaire, ya buɗe katafariyar masaƙa a 1853, ya gina wa ma'aikata gidaje sama da 800, da makaranta da asibiti da wurin shaƙatawa, ya hana buɗe mashaya. Mutum kusan 3,000 ne suke aiki a ciki. Gaskiya ya kyauta, ko da yake wanda ya mallaki aikinka da gidan da kake kwana ya riƙe ka ta ko'ina.

Masaƙar ta rufe a 1986. Shekara ɗaya bayan haka ɗan kasuwa Jonathan Silver ya saye ta, ya cika ta da zane-zanen David Hockney, ɗan asalin Bradford, ya jawo shaguna da ofisoshi. Ba na ganin laifin hakan, domin da an bar ginin da tuni ya ruguje.

Abin da ke damuna shi ne labarin da ake bayarwa. Baƙo zai je Saltaire ya ga titunan da aka sa wa sunayen iyalan Salt, ya ɗauki hoto, ya koma gida yana zaton tarihin masaƙa ke nan. Alhali a Manningham ne ma'aikatan masaƙar Lister suka yi dogon yajin aiki daga 1890 zuwa 1891 saboda rage albashi, wanda ya share fagen kafa jam'iyyar ma'aikata mai zaman kanta a Bradford a 1893. A nan ne kuma mutanen Pakistan, da yawansu daga Mirpur da ke yankin Kashmir, suka sauka a shekarun 1950 da 1960, suka karɓi aikin daren da 'yan gari suka gaji da shi. Su suka riƙe injinan har ƙarshe, kuma 'ya'yansu suka gaji zaman kashe wando da masaƙun suka rufe.

Tsofaffin masu aikin daren da suka rage suna ƙarewa. Kamata ya yi hukumomin Bradford su naɗi muryoyinsu yanzu, su ba su wuri a cikin masaƙun da suka yi wa hidima, kuma wani kaso na kuɗin da yawon buɗe ido ke kawowa ya shiga koyar da sana'a a Manningham.