Zogala ba ta maye gurbin likita

A kasuwar Maradi nakan ji ana cewa garin zogala yana warkar da ciwon daji, abin kuma yana damuna. Masu faɗa suna da madogara: ganyen yana da sinadarai da aka ga suna rage yaɗuwar ƙwayoyin daji a ɗakin bincike da jikin ɓeraye. Sai dai gwajin da aka yi cikin kwalba bai kai a ce ya tabbata a jikin mutum ba. Kwaɗon zogala abinci ne mai gina jiki, a ci. Amma matar da ta ji ƙullutu a mama, in ta tsaya shan gari wata shida, ƙullutun yana iya girma, alhali da wuri likita ya fi iya cire shi.