Gidaje Goma, Makulli Rana Ɗaya

A watan Agustan bara Yaya ya turo mini bidiyo ta WhatsApp daga ƙauyenmu, can kan hanyar Jengre idan ka baro Jos. Ruwan kwana uku ya ci gindin bangon ɗakin Inna, gefen gabas ya zauna, kwanon ya karkace. Allah ya kiyaye, ba kowa a ciki. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana bayan hoton: ginin bulon da muka fara tun buhun siminti bai kai naira 4,000 ba. Ɗaki uku ne, ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito a tsakiyarsa har awaki na kiwo. A farkon 2024 buhun ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama, mu kuwa sai muka naɗe hannu. Duk wanda ya san ƙauyukan Bassa ko Barikin Ladi ko Mangu ya san irin wannan kango. Kuɗin gumin mutane ne a tsaye, ruwa na dukansa, rana na dukansa, ba mai kwana a ciki.

Shekarata tara a Kalifoniya, a kwarin San Joaquin, yankin da ake noman inabi da lemo. Ba Amurkar da ake gani a talabijin ba ce. Nan ma akwai leburorin gona da ke cunkushe iyali biyu a gidan haya ɗaya. Wani abokin aikina ɗan asalin Meziko ya roƙe ni in zo ranar Asabar in taya shi aikin gini. Na ɗauka gyara zai yi.

Da na isa da sassafe sai na tarar da gidaje goma a jere, duk ƙashin katako, ba rufi. Ban same shi a nasa gidan ba. Yana gidan wata bazawara mai 'ya'ya uku, su shida sun kama bango guda suna ɗagawa, ita kanta matar ce ke riƙe da bindigar ƙusa. A jikin wata kwantena an rataye takarda, duk wanda ya zo sai ya rubuta sunansa da lokacin da ya kama aiki. Kowane iyali sai ya cika awa 40 a mako, kuma awannin dangi da abokai irina suna shiga lissafin. Mutum ɗaya ne a wurin aka ɗauka da albashi, wani dattijo da tef ɗin awo a ƙugu. Bai cika magana ba. Zai zo ya ɗora ma'auni a bango, in ya karkace ya ce a cire a sake, ya tsaya har a sake ɗin.

Na tambayi abokin nawa yaushe zai tare. Ya ce ranar da aka gama gida na goma. Ƙa'idar ke nan: ba wanda ake miƙa wa makulli sai an kammala na kowa.

Ina buga ƙusa ina tuna ƙuruciya. Wannan ai gayya ce. Na ga yadda aka yi ɗakin Baba ƙarami lokacin aurensa: matasa sun kwaɓa ƙasa da ƙafa, mata sun ɗebo ruwa, an dama kunu a babbar tukunya, ranar rufi maza suka taru suka ɗora jinka a kafaɗa. Karin maganar nan ta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu da idonmu muka gan ta. To me ya sa tasu gayyar ke ƙarewa da makulli, tamu kuwa yanzu ta koma kango?

Na bi diddigi. Tsarin ya faro ne a farkon shekarun 1960 da wasu leburorin gona a Goshen, a nan gundumar Tulare. A 1965 aka kafa ƙungiyar Self-Help Enterprises, wadda ta taimaka wa iyalai sama da 6,000 suka gina gidajensu da hannunsu. Ma'aikatar noma ta Amurka ce ke riƙe da shirin, ba ma'aikatar gidaje ba, kuma wannan kaɗai abin lura ne: sun ɗauki muhallin manomi a matsayin wani ɓangare na harkar karkara. Ma'aikatar tana ba ƙungiya tallafi don ta biya mai kula da aiki, ta haɗa iyalai, ta yi musu takardu. Iyalan su yi kusan kashi 65 cikin 100 na aikin ƙarfi, a bar wa ƙwararru irin su wutar lantarki da famfo. Kuɗin fili da kayan gini kuwa rance ne na shekara 33, ga masu ƙaramin ƙarfi sosai har 38, kuma kuɗin ruwan da ke kai yana iya sauka zuwa kashi 1. Ba a neman kafin alƙalami. Guminsu ne kafin alƙalaminsu.

Shirin bai wadaci kowa ba, masu jira sun fi masu samu, kuma wanda ya yini a gona ya zo ya ƙara awannin gini da yamma ya san ya sha wuya. Amma kayan aiki na zuwa gaba ɗaya, a kan lokaci, shi ya sa ba a tsayawa a linta.

Mu fa? Tun 1992 muke da Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya ba da rance a kan kashi 6 har tsawon shekara 30. A takarda, mai sana'ar kansa ma yana iya shiga. Sai dai rancen gida na tafiya da takardar fili, Yaya kuwa filinsa gado ne, shaidarsa mai unguwa da bishiyar ɗorawa da ke kan iyaka. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, amma mai ba da bashi C of O, wato takardar mallakar fili ta gwamna, yake son gani. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja. Ba na baƙin ciki da wannan, ma'aikatan da ke kwana a Mararaba da Suleja su ma suna da haƙƙi. Amma ko an ninka su goma, ba ɗaya da zai rufe kan Inna.

Na san inda wasu za su tsaya: kuɗin ruwa. Ni ma nan na tsaya, kuma da gaskiyarmu. Sai dai ba lallai a kwafo rancen yadda yake ba. Tun 2012 bankin Jaiz ke aiki ba ruwa, wasu sun biyo baya, malamanmu sun san murabaha. A sayo kwano da katako da siminti a sari, a sayar wa ƙungiyar magidanta goma a kan farashi tsayayye, su biya a shekaru. Kuma a ɗaura biyan da kaka. Manomin masara ko dankalin Turawa ba ya ganin kuɗi duk ƙarshen wata. Wanda ya tsara masa biyan wata-wata ya shirya masa faɗuwa tun ran farko. Mutanen da suka riƙe adashi shekara da shekaru ba sai an koya musu yadda ake tsaya wa juna ba.

Sai maganar bulo, wadda a nan laifin namu ne. Mun mai da ginin ƙasa alamar talauci, har mutum ya gwammace kangon siminti da ɗakin tubali mai rufi. Ku shiga gidan tarihi na Jos, kusa da gidan zu, ku dubi kwafin Masallacin Juma'a na Zariya da aka gina a can da ƙasa da azara, irin aikin Babban Gwani, shahararren maginin nan na ƙarni na 19. Ku tsaya a ƙarƙashin bakan gizon rufin nan da tsakar rana ku ji sanyinsa. Gaskiya ne ruwan Filato ba irin na Zariya ba ne, Yuli da Agusta ba sa ɗaga ƙafa. Amma abin da ya kayar da ɗakin Inna ba ƙasar ba ce, rashin tushe ne: bango ya zauna kai tsaye a kan damshi, bakin kwano gajere, ruwa na zuba a gindinsa. Dutse kuwa a Filato har tuntuɓe ake yi da shi. Tushen dutse zuwa gwiwa, bakin rufi mai tsawo, tubalin jar ƙasa da aka matse a inji da ɗan siminti kaɗan, irin injin da cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI ke ƙerawa. Wannan shi ne aikin dattijon nan mai tef a ƙugu, kuma shi ne ba mu da shi. Da ƙaramar hukuma za ta biya gogaggen magini ɗaya da inji ɗaya a kowace gunduma, ta yi wa filayen takarda a dunƙule, da ta yi abin da ɗan kwangila ba zai yi ba.

Na kira Yaya na zayyana masa duk wannan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena, matasan da za su yi gayyar suna Jos suna acaɓa, wasu suna ramin kuza. Wa zai bar neman na yau ya zo ya yi wa wani gini?"

Na ce, "Yaya, wanda ya san nasa ɗakin na cikin layi."

Mun ƙirga gidaje biyar a dangi da maƙwabta da ke da kango ko bangon da ya tsage. Kuɗin da na saba turowa a tsittsinke, bana zan haɗa su wuri ɗaya a biya magini na wata uku, daga bayan girbi zuwa kafin ruwan fari. Uku sun amsa. Yaya ya ce ran kasuwar Jengre zai samu sauran biyun, kuma ya kafa sharaɗi guda da ban yi masa musu ba: ɗakin Inna za a fara rufewa.